Kwana Biyun da Na Yi a Anka

Da sunan Allah, wanda ya ara mini kwanaki har na samu zama in rubuta muku wannan. A duk abin da ya same ni a rayuwa, babu labarin da na daɗe ina kewaye shi kamar na shekarar da gwaggonku Kulu ta dawo Gummi da iyalinta. Na san kun ji shi a bakin 'ya'yanta, kun ji shi a bakin mutanen tasha, kuma na san har yau kukan yi cacar baki da 'yan'uwanku a kansa. Su suna cewa Kawu Lawali ya zaɓi motarsa ya bar danginsa. Ku kuna cewa babanku ba shi da laifi, wani bakanike ne ya riƙe masa mota a Anka. Babu wanda ya faɗi daidai a cikinku. Ina da laifi, amma ba a inda suke nunawa ba. Bakaniken kuwa babu abin da ya cancanta daga gidanmu sai addu'a.

Wannan shekarar ita ce ta farko da na riƙe motar kaina, bayan na fi shekara ashirin ina tuƙa ta mutane. Sharon ce 'yar Beljiyam, ruwan toka, mai cin mutum bakwai a takarda, mu kuwa mun san abin da muke loda mata. Ina ɗaukar fasinja daga Gummi zuwa Anka, wani lokaci har Gusau, bayanta cike da buhunan shinkafa da kwandunan busasshen kifi. A lokacin hanya ta riga ta lalace ta fuska biyu. Ga ramuka, ga 'yan bindiga. Duk inda daji ya matso bakin kwalta sai ka taka totur iya ƙarfinka, kana fita kuma sai ga rami, ka danne birki. Da damina ƙarfen birkin yana zafi jawur za ka afka cikin ruwan da ya kwanta a hanya. Haka muke ci wa motoci rai, mu duka, ba ni kaɗai ba.

Wajen ƙarshen damina na fara jin abin. Idan ina gudu na taka birki, sai ya riƙa tunkuɗo mini tafin ƙafa, ya saki, ya sake tunkuɗowa, sitiyari kuma ya kama rawa a hannuna. A hankali ba ya yi, sai mota ta ɗauki gudu. Direban da ya yi shekarun da na yi ya san ma'anar wannan, ba ya buƙatar a gaya masa. Innarku Luba ma, da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, ta gane. Wata rana na ɗauke ta za ta suna Anka, tana zaune a gaba, na taka birki a wata gangara, sai ta dafe ƙofa ta dube ni.

"Malam, wagga mota mi as same ta? Har cikin haƙorana nika jin ta."

Na ce mata hanya ce ba ta da kyau.

"Ashe hanya ba ta lalacewa sai in ka taka birki," in ji ta.

Na yi dariya na bar maganar. Ta sake yi mini ita sau biyu ko uku a gida, ina cewa sai an gama kaka. Kaka ita ce lokacin direba, kowa na da abin kaiwa kasuwa, yinin da ka yi a gareji kuwa wani ne zai ɗauki lodinka. Wata biyu cur na yi ina tuƙa motar nan a haka, da 'ya'yan mutane a ciki. Ku riƙe wannan, don nan ne laifina yake.

Yaya Kulu ita ta rene ni bayan rasuwar Innarmu, ita ta goya ni, ita ta sayar da akuyarta ta kai ni koyon mota. Tana aure a wani ƙauye bayan Zugu, garin da ke kan hanyar Gummi zuwa Anka, wurin Malam Garba, manomi mai ƙwazo da taurin kai. Maƙwabtansu sun daɗe suna tashi saboda 'yan bindiga, shi ya ce ba zai bar gonar ubansa ba. Sai a wannan kakar, bayan ya gama tara hatsi ya cika rumbu biyu, ya aiko mini cewa ya yarda. Muka shirya ran Talata, in na sauke fasinja a Anka, in biyo ta wurinsu da rana in kwashi mata da yara da buhunan da mota za ta iya ɗauka. Washegari in koma in ɗauko shi da sauran kaya, shanun nomansa guda biyu kuma a koro su zuwa bakin hanya.

Ran Talatar, ina dab da shiga Anka, wata babbar mota ta tsaya a gabana ba zato. Na danne birki, na ji ƙarfe yana cin ƙarfe, motar ta ja gefe guda kafin ta tsaya. Wata tsohuwa a baya ta yi salati. Da na sauke mutane sai na ce bari in leƙa wurin Baba Rasaki ya canza mini fad, wato 'yan takalman nan da ke matse faifan ƙarfen da ke bayan taya, aikin da bai wuce awa guda ba, in kama hanya.

Baba Rasaki mutumin kudu ne, Bayarabe, dattijo mai furfura a gemu. Zinari ne ya kawo shi ƙasarmu, yana gyaran injinan niƙa dutse a wuraren haƙa. Daga baya ya bar wannan aikin ya buɗe gareji a ƙarƙashin wata bishiyar bedi a bakin gari. Hausa ta zauna a bakinsa, sai dai in ya yi magana ka san daga inda ya fito. Ba ya yawan surutu, ba ya kuma duba mota yana hira. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya cire taya, ya leƙa, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya kira ni, ya kama yatsana ya bi da shi a kan faifan ƙarfen, wanda su ke kira dis. Na ji kwari da tudu kamar kunyar gona. Bakinsa ya yi kaifi saboda tsakiyar ta cinye, fuskarsa ta yi tabo shuɗi-shuɗi na ƙuna. Ya goge wani wuri da tsumma ya nuna mini tsaga, siririya kamar gashi. Fad ɗin kuwa babu abin da ya rage sai ƙarfen bayansa. Ya ce fad zai iya sa mini nan take, amma a kan wannan dis ɗin rawar ba za ta daina ba, kuma ranar da ya yi zafi da kaya a kai, tsagar za ta buɗe. Dole a canza na gefen biyu tare, kuma babu irinsa mai kyau a Anka sai Gusau.

Na gaya masa abin da ke gabana. Ya tambaye ni mutum nawa zan ɗauka, na ce takwas yau, ban da buhuna, maigidan shi ne na tara gobe. Ya ce yara nawa, na ce biyar. Sai ya sunkuya ya ajiye sifana a ƙasa, a gaban ƙafata.

"Malam Lawali, motarka ce. Ka iya mayar da taya, na sani. In ka mayar ka tafi, ba zan tare ka ba. Amma ni hannuna ba zai mayar da wannan ƙarfen ba."

Kun ga ke nan bai riƙe mini mota ba. Abin da na yi masa a lokacin ina jin kunyar rubuta shi, amma na yi alkawarin faɗin gaskiya. Na zage shi. Na ce masa baƙo ne, ba danginsa ne ke cikin daji ba, na haɗa da wata magana a kan ƙabilarsa wadda ba zan maimaita ba. Aka kira azahar, ya ɗauki butarsa ya tafi, ya bar ni da mota a kan jak da sifana a ƙasa.

Na daɗe a tsugune a wurin. Na ɗauki sifanar ma, na riƙe ta. Na tuna wata gangara da ke kafin gada a hanyarsu, na tuna cewa in aka biyo mu a hanyar ƙauye gudu zan yi, kuma duk mai gudu sai ya nemi tsayawa. Na kira Innarku a waya na faɗa mata komai. Na zaci za ta ce ai ta gaya mini. Ba ta faɗa ba.

"Gara su iso Alhamis da ƙafafunsu, da a kawo muna su Talata cikin tabarma," abin da ta ce ke nan.

Na ajiye sifanar. Na shiga tasha na roƙi direbobi biyu su je a madadina, kowanne ya ce in dai za a bar kwalta a shiga ta bayan Zugu, ba da shi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Waya ba ta kamawa a ƙauyen, don haka na sami wani ɗan kabu-kabu mai zuwa can na ba shi saƙo cewa mota ta sami matsala, su saurare ni ran Alhamis. Da Baba Rasaki ya dawo daga masallaci ya gan ni a zaune, bai tada maganar zagin ba. Ya kwance tsohon dis ɗin ya ba ni in tafi da shi don a gwada, ya ce in saya da kaina, guda biyu, in ɗaga in ji nauyinsu a hannu, in kuma ƙi duk wanda aka ce an goge fuskarsa a inji ya koma sabo.

Ran Laraba na tafi Gusau a motar haya. Na sha yawo a shaguna kafin na sami irin nata, sannan aka tsayar da motoci a hanya na tsawon lokaci. Na iso Anka dab da magariba da ƙarafa a cikin buhu. Ina sauka na ga ɗan kabu-kabun nan yana nemana. Ya ce ya isar da saƙona tun jiya, amma yau da tsakar rana an shiga ƙauyen. Ya ga hayaƙi daga nesa, ya ga mutane suna fitowa a ƙasa suna nufar Zugu. Wanda ya mutu da wanda ya rayu, bai sani ba.

Ba zan iya kwatanta muku yadda na ga wayewar garin Alhamis ba. Ana sallame asuba na iske Baba Rasaki ya riga ni zuwa gareji, labari ya kai masa. Ya shimfiɗa buhu ya jera kayan aikinsa. Ya kwance abin da ke riƙe da fad, ya rataye shi da waya don kada nauyinsa ya ja robar man birki. Sai ya ɗauki sanfefa ya shiga goge tsatsar da ke wurin da dis zai zauna, a hankali, kamar mai wanke ƙwaryar nono. Ni kuwa ina ta zagaye motar. Na roƙe shi ya bar gugar nan ya ɗora kawai. Ya ce in ƙwayar tsatsa ɗaya ta rage a ƙarƙashi, sabon ma a karkace zai zauna, bayan wata guda rawar ta dawo. Na ce masa ni yanzu ba ta wata guda nake ba.

"Abin da ya faru jiya ya faru," in ji shi, bai ɗago kai ba. "Waɗanda suka rage su za ka ɗauko. Riƙe mini nan."

Na riƙe. Ya wanke man da ke jikin sababbin ƙarafan da fetur, ya ɗora, ya tura abin da ke matse fad ya koma ciki, ya shafa giris a sandunan da yake zamewa a kansu, ya sa sabon fad. Ya koma ɗaya gefen ya yi haka, bai tsallake komai ba. Notinan taya ma bai ɗaure su a jere ba, sai ya ɗaure wannan ya tsallaka na gabansa, har suka zauna daidai. Ya sa ni na yi ta taka birki mota na tsaye har ya yi tauri, sannan muka fita bayan gari, in ɗan yi gudu in taka a hankali, in sake, in taka, sau da yawa. Sitiyari ya tsaya cik a hannuna. Na manta rabon da in ji motar haka.

Na tsaya zan sauke shi a gareji, sai ya ce in jira. Ya shiga ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya dawo ya zauna a gaba. Ya ce ƙarafan sababbi ne, ba su saba da juna ba, in wani abu ya yi ƙara yana son ya ji da kunnensa. Mutumin da na ce wa ba danginsa ne ke cikin daji ba, shi ya bi ni hanyar da direbobin ƙasarmu suka ƙi bi. Har muka kai Zugu na kasa haɗa ido da shi.

Mun same su a barandar wata makaranta a bakin hanya, cikin mutane da yawa. Na ƙirga su da ido tun kafin in kashe mota, su tara, duk da rai. Yaya Kulu na zaune da autarta a cinya, ƙafafunta sun kumbura. Ta dube ni ta ce, "Ka zo?" Na ce na zo, Yaya. Malam Garba na jingine da bango, an ɗaure masa hannun dama da kara da tsumma. Ya ƙi sakin igiyar shanunsa ne suka karya shi da gindin bindiga. Sun tafi da shanun, sun tafi da babur ɗinsa, sun cinna wa rumbunan biyu wuta. Na gaishe shi, ya juya fuskarsa ga bango. Baba Rasaki ya zagaya motar ya taɓa tayoyin gaba ya ji zafinsu, ya ce lafiya lau, ya hau kabu-kabu ya koma Anka don ya bar musu kujera.

A hanyar Gummi, a wata kwana, garken raƙuma ya fito mana kan kwalta ina cikin gudu. Na danne birki, mota ta tsaya a miƙe, yaran suka zube a kan juna, ba wanda ya ji ciwo. Mutanen tasha sun mayar da wannan babban labari, suna cewa da tsohon birki ne da mun ƙare. Ni ba zan ce haka ba. Wataƙila da ya tsaya, wataƙila da bai tsaya ba. Allah kaɗai ya sani. Abin da na sani shi ne da na gyara motar tun ranar da Innarku ta yi magana, da na je musu ran Talata da birki mai kyau, da ba a kai ga zaɓi tsakanin wannan da wancan ba.

Sun fi shekara a gidanmu. Manyanku za su tuna yadda gidan ya koma, turmi biyu na tashi lokaci guda, Innarku da Yaya Kulu suna faɗa a kan gishirin miya suna shiryawa kafin tuwo ya huce, yara goma sha ɗaya a tsakar gida. Innarku ta bar musu ɗakinta ba tare da na roƙe ta ba, ban kuma taɓa jin ta yi gori ba. Malam Garba ne kaɗai ba a jin muryarsa. Yana amsa sallamata don addini ya ce a amsa, amma ba ya cin abinci a kwano ɗaya da ni. Hannun ya warke a karkace, bai sake riƙe galma kamar da ba. Sau ɗaya na ji yana gaya wa wani baƙo a zaure cewa da an zo Talata, da ko rabin hatsinsa ya tsira, da kuma bai tsaya kokawa a kan shanu ba. Gaskiya ya faɗa. Na raba fadamata biyu na ba shi rabi, ya karɓa ta hannun matarsa.

Wata rana na sami Yaya Kulu tana tsince shinkafa, na zauna na gaya mata zancen wata biyun da na yi ina jan ƙafa. Ta ce ta sani, Luba ta gaya mata tun makon farko. Ta ce ni dama tun ina yaro ba na cire ƙaya sai ta yi ruwa. Sannan ta ce ta yafe, hatsi ana nomawa, ɗa ba a nomawa. Na je na faɗa wa Malam Garba irin wannan maganar. Ya saurare ni har na gama, ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Baba Rasaki kuwa na kai masa shinkafar fadamata da kifi na ba shi haƙuri. Ya ce ya ji maganar da ta fi wannan muni a bakin mutanen da ba su da uzurin da nake da shi. Daga shekarar nan ban sake kwana da ƙarar da ban gane ba a jikin mota, har 'yan tasha suka laƙaba mini Lawali Gareji. Da tsufa ya kama shi ya koma garinsu, can ya rasu, sai bayan watanni labari ya iso mu. Ban sami zuwa gaisuwa ba. Ku sa shi a addu'arku kamar yadda kuke sa kakanninku.

Bayan shekara uku, su Malam Garba sun riga sun koma gidan kansu a bayan kasuwa, 'yarsa Hassi ta zo haihuwar fari, abin ya yi tsanani, asibitin Gummi suka ce a wuce da ita Sakkwato. Da hantsi ne, ina tasha, saura mutum ɗaya motata ta cika. Sai na ga Malam Garba ya ratso cikin mutane ya tsaya a tagar motata. Rabon da ya kira sunana tun kafin a ƙone ƙauyensu.

"Lawali, sauke mutanen ga. Kai za ka kai min ɗiyata."

Ɗan kamasho ya nuna masa wata mota da ke gefe, babu kowa a ciki, ta kuma fi tawa sabunta, ya ce ga wadda za ta tashi yanzu-yanzu.

"Na gane ta," in ji Malam Garba. "Shi nika so. Ba ya tashi da mota sai ya san tana tsayawa."

Na ba fasinjojin haƙuri suka sauka. Muka ɗauko Hassi da Yaya Kulu, shi ya zauna a gaba kusa da ni. Allah ya sauke ta lafiya a ranar, yaron shi ne Bello da kuke gani yanzu. Har Malam Garba ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa buɗe baki ya ce ya yafe mini ba, ni ma ban sake tambayarsa ba. Amma a hanyar dawowa, bayan mun yi nisa, ya laluba aljihunsa ya ciro goro. Ya yi ta fama da shi da karkataccen hannunsa har ya ɓare, ya miƙo mini ɓari guda, na karɓa na ci.